Sauron da ba ya jiran dare

A watan Yulin 2024 hukumar lafiya ta Gana ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a Yankin Gabas. Mai yaɗa shi ba sauron maleriya da muka sani ba ne. Sunansa Aedes, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da sassafe da yammaci. Gidan sauro, duk amfaninsa, ba ya kare yaron da ke wasa a tsakar gida. Shi ne kuma ke ɗaukar shawara da cikungunya.

Abin damuwar, bai cika son kwata ba, ya fi son ruwa mai tsabta. A Nima ko Aboabo, da famfo ya ɗauke sai a cika duro da galan, a bar su a buɗe. Nan macen ke manna ƙwai a bangon duron, ƙwan kuwa yana wata da watanni a bushe bai mutu ba. Shi ya sa zubar da ruwan kawai bai isa ba: a goge cikin duron da soso duk mako, a rufe, a kwashe tsofaffin tayoyi.

In zazzaɓi ya zo da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido, a sha farasitamol, ban da asfirin, a garzaya asibiti.