Asarar da ba ta ƙara a manyan kwamfutocin IBM

Har yau bankuna da kamfanonin inshora da dama a kan manyan kwamfutocin IBM suke tafiyar da lissafinsu, kuma ƙananan ayyuka masu yawa da harshen REXX ake rubuta su, wanda Mike Cowlishaw ya fara ƙirƙira a 1979. Tsofaffin ma'aikata suna ritaya, matasan da suka taso da Python suna gadar aikin. Haɗarin wannan sauyin hannu shi ne kuskuren da ke wucewa shiru, musamman wajen zuba jerin bayanai cikin fayil.

Tushen matsalar yana cikin umarnin EXECIO, wanda da shi ake wannan zubin. Idan aka sa masa alamar tauraro maimakon adadin layuka, zai yi ta rubutu har ya ci karo da gurbin da babu komai a ciki, sai ya tsaya. Jeri mai layi 500 wanda na 40 ya zama fanko, 39 kaɗai za su shiga fayil, kuma lambar sakamako 0 za ta fito, wato lafiya lau. In aka ba shi adadin da ya zarce jerin, REXX yana ɗaukar sunan gurbin da ba a cika ba a matsayin abin da ke cikinsa, sai a tarar da LINE.501 a ƙarshen bayanan albashi. Ga kuma tsawon layi: fayiloli da yawa harafi 80 suke ɗauka, gadon katin huda na 1928, don haka abin da ya haura yankewa ake yi, da lambar sakamako 1 wadda ba kowa ke dubawa ba. Illar takan ɓulla bayan kwanaki, lokacin da wasu manhajoji sun riga sun yi aiki da gurgun fayil.

Wasu na cewa a koma Python a huta, tunda yana aiki a kan z/OS, tsarin da ke tafiyar da waɗannan kwamfutoci. Sai dai sauya harshe ba ya sauya fayil: ƙayyadadden tsawon layi da tsarin haruffa na EBCDIC suna nan daram. Wasu kuma na ganin laifin sakaci ne kawai. Da gaskiyarsu, amma abin da tsofaffi suka riƙe a ka dole ya koma rubutacciyar ƙa'ida: a faɗi adadin layuka ƙarara, a rufe fayil da FINIS, a duba lambar sakamako bayan kowane rubutu, sannan a ƙirga abin da ya shiga a gwada da abin da aka aika.