Tasawa da Mayahi: Ba a Cinikin Biri a Sama

A da, mawaƙin ƙasar Tasawa ko Mayahi da ke son muryarsa ta shiga kaset, sai ya nufi gidan rediyon gwamnati, ko ya haura Katsina da Kano. Yau kuwa ɗaki guda ya wadatar, in akwai kwamfuta, da mikro, da wani ɗan akwati wanda masu sana'ar ke kira "kart son". Sau da yawa ba saurayin da zai yi aikin ne ke fid da kuɗin ba. Ɗan kasuwa ne da ya sayar da wake ko gyaɗa, ko ma'aikacin gwamnati da ya tara daga albashinsa domin ya kafa wa ɗansa ko ƙanensa sana'a. Shi ya sa ya dace mai kuɗin ya san abin da ake saye da guminsa.

Aikin akwatin shi ne ya karɓi sauti daga mikro, ya ƙara masa ƙarfi, ya mai da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa. Tun fitowar faifan CD a 1982, ma'aunin da aka saba da shi shi ne a auna sauti sau 44.100 cikin kowane sakan. Kusan duk akwatin da ke kasuwa yanzu ya kai wannan matsayi ko ya wuce. Don haka manyan lambobin da aka rubuta bisa kwali ba su ne abin dubawa ba.

Abin dubawa na farko shi ne yawan ƙofofin mikro. Ƙananan akwatuna, irin Scarlett 2i2 na kamfanin Focusrite, ƙofa biyu gare su, kuma sun ishi mai waƙa da fiyano. Amma makaɗin gargajiya ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da ƴan amshi, da masu kalangu ko ganga, wani lokaci da mai goge, kuma waƙarsu ba ta armashi sai an yi ta tare. Irin wannan ƙungiya tana bukatar ƙofa huɗu, kamar UMC404HD na Behringer, ko ma takwas. Wanda ya sayi mai biyu saboda araha, ya rufe ƙofarsa ga mawaƙan sarauta, da na kokowa, da na manoma, alhali su ne ke da jama'a a karkara.

Na biyu, gwaji da kunne. Ya kamata mai saye ya je da kwamfutarsa, da mikronsa, da makaɗi guda. A buɗe ƙarfin akwatin, kowa ya yi shiru: in ana jin shuu mai yawa, wannan ƙarar za ta bi kowace waƙa. Sa'an nan a buga kalangu da ƙarfi kusa da mikro: in jar fitila ta kama ko da an rage ƙarfin, sautin zai fashe. A kuma latsa maɓallin da aka rubuta wa 48V, domin wani irin mikro mai kyau na ɗaukar murya ba ya aiki sai da wannan wuta. A ƙarshe mawaƙi ya saurari kansa yana waƙa. In muryarsa tana dawo masa a makare, zai riƙa saɓa wa kiɗa.

Na uku, wutar lantarki. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024, kuma ƙauyuka da dama sun dogara ga injin wuta ko hasken rana. Akwatin da ke shan wuta daga kwamfutar hannu ta igiyar USB yana ci gaba da aiki da batir ko an ɗauke kuran. In kuma an ji gurnani cikin sauti, a zare igiyar caji. Idan ya ɓace, laifin na wutar ɗakin ne, ba na akwatin ba.

Saura maganar ciniki. Kayan daga Maraɗi, Yamai ko Kano suke zuwa, akwai sabo, akwai na hannu, akwai kuma jabu. Mai da kaya Kano ba koyaushe yake da sauƙi ba, domin an rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023. Saboda haka a karɓi takardar shaidar ciniki mai ɗauke da lambar akwatin, a kuma yi yarjejeniya gaban shaidu kan kwanakin gwaji. Ɗan kasuwar Tasawa ba ya biyan buhun gero sai ya zura hannu ciki, ba ya biyan sa sai ya duba haƙora. Jikkunan da za a zuba a kayan sauti ma sun cancanci wannan kulawa.