Gogaram da Dagona: Shan Iskar Talaka Ma Aikin Gwamnati Ne

Duk wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, cikin ƙaramar hukumar Jakusko, ya san mutanenmu ba baƙin shaƙatawa a sarari ba ne. Nan ce tsohuwar fadar Mai Bade kafin a koma Gashuwa. Ranar biki masunta kan afka ruwa da homa da gora, makaɗa na zuga su, jama'a maƙil a gaɓa. Abin da muka rasa shi ne gwamnatin da za ta ɗauki wannan shaƙatawa a matsayin haƙƙin ɗan ƙasa.

A 1957 ƙasar Nowe ta kafa dokar da ta ba kowa izinin yawo a daji da bakin ruwa, ko da filin wani ne, muddin ba gona ko harabar gida ba ce. Mu kuwa da muka kafa gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi a 1991, wanda ya haɗa da matattarar tsuntsaye ta Dagona, hankalinmu na kan Turawa masu yawon buɗe ido. Har yau ana alfahari da zuwan Yarima Philip na Ingila Dagona a 1989. To, ɗaliban firamare nawa daga Jakusko ko Nguru aka taɓa kaiwa su ga tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk hunturu su sauka a ƙofar gidansu?

Kuma maganar duk a kan ruwa take. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya yi ta malala, wani ya ƙafe. A 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma takarda ba ta nome kacala. Inda babu ruwa, babu kifi balle biki.

Don haka muna kira ga Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa da gwamnatin Yobe: a daidaita sakin ruwa daga madatsun, a gyara hanyar Gogaram, a kuma sanya ziyarar Dagona cikin tsarin makarantun yankin, kyauta.