Rage Ƙarar Kwamfuta Ba Tare da Dafa Ta Ba

Shekaru kaɗan da suka wuce, da wani ya ce ƙarar fankar kwamfuta tana damunsa a Gwarzo ko Kabo, dariya za a yi masa, domin janareta na ruri a bakin ƙofar shago, ba a ma jin sallamar mai shigowa balle wata fanka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu shagunan kwamfuta da dama suka koma sola da inbata, janareta ya yi shiru, sai ƙarar da a da take ɓoye ta fito fili. Mai situdiyo da ke ɗaukar waƙa ko karatun malamai yana jin ta cikin abin da ya naɗa. Ɗalibin da ke karatun fasaha a Kabo, wanda yake kwana ɗaki ɗaya da kwamfutarsa, yana jin ta da tsakar dare. Cibiyoyin koyon jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, suna jin ta ninki-ninki, don na'urori ne jere a ɗaki guda. Saboda haka tambayar yadda za a rage ƙarar nan da kuɗi kaɗan ta zama tambaya mai ma'ana. Amsar da nake ganin ta fi dacewa da ƙasarmu ita ce, a bar zafin kwamfutar ya riƙa juya fanka da kansa, kada a miƙa wannan aiki ga hannun mutum, kuma kafin a sayi komai a duba abin da ke cikin kwamfutar, domin sau da yawa na'urar da ake shirin tafiya Kano nema tana nan a ciki, ba a dai kunna ta ba.

Dalilin da ya sa gudun fanka ya zama jigon maganar shi ne ƙara ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Iskar da fanka ke turawa tana ƙaruwa daidai da juyinta, amma ƙarar tana hawa fiye da haka nesa ba kusa ba. Masana sauti sun daɗe da auna cewa idan aka rage juyin fanka da rabi, ƙararta kan sauka da kimanin desibel 15, alhali saukar desibel 10 kawai kunne ke ji kamar an rage ƙara da rabi. Wato fankar da ke juyi 2,000 a minti tana damun kowa, idan aka dawo da ita 1,000 sai an kasa kunne kafin a san tana aiki. Kuma mafi yawan lokacin da kwamfuta take kunne ba ta buƙatar cikakken gudun. Mai buga takarda ko mai cike fom a intanet bai sa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wani aikin da zai ɗaga zafinta ba. Sai an zo haɗa bidiyon biki ko tace sauti zafin ke tashi.

Abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne maɓallin murɗawa irin regiletar fankar silin, a rage idan ta dame ka, a ƙara idan an ji zafi. Ana sayar da irinsa na kwamfuta, kuma ba shi da tsada. Sai dai mai zaune ƙarƙashin fankar silin jikinsa ne ke gaya masa ya yi gumi, firosesa kuwa ba ta da bakin faɗa. A cikin Afrilu da Mayu zafin yammacin Kano yakan haura digiri 40 da rana, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi waje zafi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa kan ƙarfen da ke zuƙe zafi, don haka duk digirin da ɗakin ya ƙara, firosesa ma ta ƙara shi. Wanda ya murɗa maɓalli ƙasa a sanyin Janairu ya manta, idan bazara ta zo na'urarsa za ta doshi iyakarta, wadda take wajen digiri 95 zuwa 100 a yawancin firosesoshin AMD da Intel na yanzu. Idan ta kai nan sai ta rage wa kanta gudu don tsira, aiki ya yi ta jan ƙafa, in abin ya ci tura ta kashe kanta ana tsakiyar aikin kwastoma. Sau da yawa a nan ake ɗora wa bairos laifin da ba nasa ba, a biya kuɗin sake zuba Windows, matsalar kuma tana nan.

Kafin a zaɓi mai sarrafa gudun fanka, sai a buɗe murfin akwatin a ƙirga wayoyin fanka. Mai waya 3 tana da layin wuta na bolt 12, da na ƙasa, da na uku mai kai rahoton yawan juyi. Ba a rage mata gudu sai ta hanyar rage mata wuta, kuma idan aka rage da yawa takan tsaya cik, ko ta ƙi tashi in an kunna. Mai waya 4, wadda Intel ya shigo da tsarinta, kullum tana samun cikakkiyar wutarta, waya ta huɗun ce ke kawo mata umarni cikin sigina mai ɗaukewa da dawowa kimanin sau 25,000 a daƙiƙa, saurin da ya wuce abin da kunnen mutum ke kamawa. Wannan shi ne tsarin da ake rubutawa PWM a jikin kwali. Amfaninsa shi ne fanka tana iya sauka ƙasa sosai ba ta tsaya ba, kuma idan wayar umarnin ta cire ko ta tsinke, sai ta koma cikakken gudu. Wannan hali na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a wajenmu, domin in dai lalacewa za a yi, gara kwamfuta ta cika ɗaki da ƙara da ta yi shiru tana ƙonewa. Duk wanda zai sayi sabuwar fanka, ya ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa ya ɗauki mai waya 4, kuma in akwatin zai ɗauka ya zaɓi mai faɗin milimita 120 a kan mai 80, don babba tana tura iska iri ɗaya da juyi kaɗan.

Daga nan sai madabod, babban allon da komai ke haɗe a jikinsa. A kansa akwai soket da aka rubuta wa CPU_FAN, da wasu masu SYS_FAN ko CHA_FAN. Waɗannan su ne mai sarrafa fanka na kyauta, kuma sun fi na sayarwa da abu guda da kuɗi ba ya saya cikin sauƙi: suna karanta zafi daga ma'aunin da ke cikin firosesa kanta. Da an kunna kwamfuta aka danna Del ko F2 aka shiga BIOS, za a tarar da wurin saitin, ASUS na kiransa Q-Fan, Gigabyte da MSI na kiransa Smart Fan. A nan ake gaya wa na'ura cewa a digiri kaza fanka ta yi gudu kaza. Abin takaici, masu haɗa kwamfuta da yawa sukan jona fankokin akwati kai tsaye da fawa-fak, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, don sauri, su yi ta gudu ba mai tsawata musu, ga soket a kan allo babu komai a ciki. Mayar da su wurinsu aikin minti biyar ne ga mai gyara. Ga mai son saiti daga cikin Windows akwai manhajar FanControl, kyauta ce, tana kuma iya sa fankar akwati ta bi zafin katin hoto. Amma na fi son saitin BIOS ya zama ginshiƙi, domin shi yana aiki tun kafin Windows ya tashi, kuma ko Windows ya daskare bai daina ba.

Sai an ga fankoki sun fi soket yawa ne maganar saye take tasowa. Soket ɗaya yawanci amfiya 1 yake ɗauka, kuma kowace fanka an rubuta abin da take ja a bayanta, don haka fanka biyu kan hau soket ɗaya da waya mai reshe ba matsala. Idan sun kai huɗu ko biyar, abin da ya dace shi ne ƙaramin akwatin rarraba layi, wanda ke shan wutarsa daga fawa-fak ta wayar SATA, ya karɓi umarni daga madabod ya raba wa fankoki duka. Arctic na yin irinsa mai ɗaukar fanka 10, akwai kuma marasa suna masu araha da ke zuwa daga China. Wannan akwati ba shi da tunanin kansa, kuma abin da ya sa na yarda da shi ke nan, hukunci yana nan hannun allon da ya san zafin gaskiya. Abu biyu za a duba kafin a biya: ramukansa masu ƙafa 4 ne, kuma yana da wayar da ke komawa kan allo. Wasu masu ƙyalli da fitilu da rimot suna da soket nasu na daban da ba ya karɓar fankar kowa sai tasu, ba sa kuma sauraron zafi ko kaɗan. Na'urori masu tsada irin Corsair Commander ko Aquacomputer Quadro suna aiki da kyau, amma sun fi amfani ga masu sanyaya kwamfuta da ruwa, kuɗinsu kuma ya fi dacewa a sa shi a batir ko ƙarin RAM.

Za a ce, kuma da gaskiya, yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunan Gwarzo da Getso da Kabo da Garo ba haɗin gida ba ne, na gwanjo ne da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, Dell OptiPlex da HP. Waɗannan BIOS ɗinsu ba ya ba da damar zana saiti yadda aka so, kuma Dell kan yi amfani da soket ɗinsa mai ƙafa 5 wanda ba ya shiga da na kasuwa. Idan aka cire fankarsu aka jona a wani wuri, da an kunna sai su tsaya su ce ba su ga fanka ba, a danna F1. Amsata ita ce waɗannan na'urori dama suna sarrafa fankarsu da kansu, an kuma ƙera su don ofis mai shiru. Idan irinsu ta fara ruri, tana faɗa ne cewa wani abu ya lalace, kuma toshe mata baki da wata na'ura bai gyara komai ba. Akwai kuma ƙaramin allon sarrafa fanka na sayarwa mai ma'aunin zafi a bakin waya, inda yake da amfani shi ne idan an ƙara wata fanka a jikin akwatin. Yana da araha, yana aiki ba tare da manhaja ba. Sai dai zafin wurin da aka manna bakin wayar kaɗai yake ji, yana kuma jinkirin ji, don haka kada a ba shi fankar firosesa, kuma a ɗaure bakin wayar da kyau, don tef yakan saki a zafi ya bar ma'aunin yana lilo cikin iska yana ba da rahoton ƙarya.

Saitin kansa yana buƙatar a yi shi da ƙasarmu a rai. Wanda ke zuwa daga kamfani an tsara shi ne don ɗaki mai sanyin digiri 20 da 'yan kai, inda firosesa marar aiki ke zama wajen 35. A ɗakin da ya kai 38, za ta iya zama a 50 ba ta yin komai, sai fanka ta ɗauka aiki ake yi ta kama gudu. Abin da ya fi shi ne a bar fanka a ƙasa, wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100, har zuwa digiri 55, daga nan ta riƙa hawa a hankali, ta kai ƙarshen gudunta kafin digiri 80. Wannan saman ba abin ciniki ba ne. Idan allon yana da wurin jinkirta hawa da sauka, a sa 'yan daƙiƙoƙi, domin fankar da ke tashi tana faɗuwa kowane lokaci ta fi mai ƙara ɗaya shiga rai. Zaɓin da ke tsayar da fanka gaba ɗaya idan ba aiki kuwa, a bar wa mutanen ƙasashen sanyi.

Akwai masu gyara da ke cewa a wannan zafi namu a saki fanka ta yi ta gudu kawai, ƙara ba ta kashe kowa. Niyyarsu mai kyau ce, kuma ba zan ce rage gudu yana ceton wutar sola sosai ba, fankar akwati wat ɗaya zuwa uku take ci. Amma saitin da ke bin zafi ba ya hana fanka cikakken gudu a lokacin da ake buƙatarsa, lokacin da ba a buƙata kaɗai yake hanawa. Kuma gudun banza yana da farashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma ƙurar titi da ke shiga duk shagon da ke bakin hanyar Kano zuwa Gwarzo. Fanka mai gudu dare da rana ta fi zuƙo wannan ƙura, ta dasa ta tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har ta zama kamar auduga, ta kuma cinye man da ke cikin gindinta ta fara gurnani. Wannan ne ma ya sa duk maganar mai sarrafawa take zuwa bayan shara. A fitar da akwatin waje a hure shi da bulowa, a riƙe fiffiken fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, a goge busasshen man da ke tsakanin firosesa da ƙarfenta a shafa sabo, a ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, a kuma janye shi daga jikin bango. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen Fabrairu, ƙura ta lafa, zafin Maris bai kankama ba, sannan a sake buɗewa a duba kafin damina, don ƙurar da ta sha laima takan kama jikin allo ta ƙi fita.