Mu Adana Tsofaffin Hotunan Gona

Ƴan'uwa manoma, a gidaje da yawa na ƙasar Madarunfa akwai tsofaffin hotuna cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa. Wani hoton na kaka ne riƙe da hauya. Wani na gayya ne, wani na masunta a bakin tafki. Gara da laima suna cinye su kowace damina. In hoto ya lalace, babu kasuwar da za mu sayo irinsa.

Me hoto yake koya mana?

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A shekarun 1960 gyaɗa ce arzikin jihar Maradi, kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yana saye. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan noma. A 1984 aka sake yin fari da yunwa. Daga baya manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona. Wanda ya haɗa tsohon hoton gonarsu da yadda take yau, zai ga ko gawo ya ƙaru ko ya ragu. Zai ga inda ruwan Gulbin Maradi yake kaiwa kafin a gina madatsar Jibiya. Zai ga irin hatsi da irin rumbun iyayensa.

Yadda za mu adana su

1. Mu wanke hannu, mu shanya. Mu riƙe hoto ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa.

2. Mu sa farar takarda mai tsabta tsakanin hoto da hoto, don kada su manne.

3. Mu ajiye su cikin akwatin ƙarfe, a bisa wani abu, nesa da ƙasa da bango da randa.

4. Rana da hayaƙi suna koɗar da hoto. Kada mu rataya shi a madafa ko inda rana take bugawa.

5. In hoto ya jiƙe, kada mu goge. Mu shimfiɗa shi a inuwa, fuskarsa sama, har ya bushe.

6. Mu ɗauki hoton hoton da waya, mu aika wa dangi. In ɗaya ya ɓata, wani yana nan.

Mu rubuta abin da muka sani

A nan ne karatunmu na yaƙi da jahilci zai yi amfani. Mu kai hoton wurin tsofaffi tun suna raye. Mu tambaye su: wane ne wannan? Gonar wa? Wace shekara? In ba su tuna shekara ba, su faɗi abin da ya faru, kamar fari ko sarautar wani sarki. Mu rubuta a bayan hoton da fensir, a hankali, domin tawadar biro tana ratsa takarda.

Sai dai mu sani, hoto ba ya maye gurbin takardar gona. Wannan sai a wurin hukumar kula da filaye.

Kowane ɗalibi ya nemo hoto ɗaya a gidansu, ya rubuta bayaninsa kafin ruwan farko ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka.