Lambar K08 da Makafin Alƙaluman Ciwon Haƙori a Amurka

Kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya ba kowace cutar baki lambarta: K02 ta ruɓewar haƙori ce, K04 ta ciwon jijiya da tushen haƙori, K05 ta dasashi. Sai kuma K08, wadda aka tanada wa "sauran" matsalolin haƙora da abin da ke riƙe su. A nan aka zuba zubewar haƙori, da guntun saiwar da ta maƙale bayan an cire, har da ciwon haƙorin da ba a gano dalilinsa ba. An yi ta ne don ragowar da ba ta samu gurbi ba, amma a asibitocin Amurka ta zama buhun tarkace, kuma yawan amfani da ita ya samo asali ne daga yadda aka raba haƙori da sauran jiki wajen biyan kuɗin magani.

Likitan haƙori a can ana biyansa ne bisa aikin da ya yi. Lambobin CDT na Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka suna cewa an yi ciko, ko an cire, ko an wanke, ba sa faɗin cutar da ta jawo aikin. A 2012 an buɗe gurbin rubuta lambar cuta a takardar neman biya, sai dai yawancin kamfanonin inshora ba su wajabta cike shi ba, abin da ba ya kawo kuɗi kuwa ba a cika waiwayarsa ba. A ɗaya gefen, wanda ba shi da inshorar haƙori (shirin Medicare na asali ma ba ya biyan ciko ko cirewa na yau da kullum) sai ya nufi sashen gaggawa da dare, kunci a kumbure, hannu dafe da muƙamuƙi. Irin wannan zuwa ya kai kimanin miliyan 2 a shekara. Likitan da ke bakin aiki dole ya rubuta lamba, alhali ba shi da kujerar haƙori, ba fanninsa ba ne, don haka sai ya danna K08.89 ko K08.9, ya ba da maganin raɗaɗi da na kashe ƙwayoyin cuta, ya sallame shi.

Illar ita ce mai tsara kasafin lafiya yana ganin yawan masu ciwo ba tare da sanin abin da ke damunsu ba. Ruɓewa ce da za a iya tarewa da sinadarin fuloraid, ko mugunya ce ta taru a tushe? Takardar ba ta faɗa ba.

Wani zai ce lambar "ba a tantance ba" gaskiya ce, ta fi a yi shaci-faɗi. Haka ne, kuma ba a zargin likitan gaggawa da ita. Wani kuma zai ce a ƙara lambobi, matsala ta kau. An gwada: Amurka ta koma ICD-10-CM, wato nata tsarin na ICD-10, ranar 1 ga Oktoba 2015, da lambobi masu yawa fiye da na da, amma yawan zaɓi bai koya wa kowa duba haƙori ba. Wanda ya san cutar ba a tambayarsa, wanda ake tambaya bai san ta ba. Gyaran yana hannun masu biya: shirin gwamnati na Medicaid da kamfanonin inshora su daina karɓar takardar likitan haƙori da ba ta ɗauke da lambar cuta.