Roy Olmstead da Masu Laɓe a Kan Waya

A watan Maris na 1920 jami'an hana fataucin giya na gwamnatin Amurka suka yi kwanton ɓauna a wani bakin ruwa da ke arewa da birnin Seattle, inda ake sauke akwatunan wiski da aka tsallako da su daga Kanada. Sun kama mutane, sun kama kaya, amma mota ɗaya ta keta shingensu ta tsere. Gudun bai amfana wa direban komai ba, domin an riga an shaida fuskarsa. Roy Olmstead ne, laftana a rundunar 'yan sandan birnin, kuma mafi ƙarancin shekaru cikin masu wannan muƙami. Kotu ta ci shi tarar dala 500, rundunar ta tuɓe masa kaki.

Wata biyu ke nan kacal da Amurka ta haramta yin giya da sayar da ita a faɗin ƙasar. Jihar Washington, inda Seattle take, ta riga ta yi nata haramcin tun 1916, don haka Olmstead ya shekara yana kai wa 'yan fasa-ƙwauri samame. Abin da ya gani a wannan aiki shi ne kasuwa mai kuɗi a hannun mutanen da ba su iya ta ba: kullum faɗa, kullum harbe-harbe, ba lissafi. Da aka kore shi sai ya rungumi sana'ar gaba ɗaya.

Ya zuba dala 10,000, wasu mutum goma sha ɗaya suka zuba dala dubu-dubu, aka yi yarjejeniya rabin riba nasa ne. Cikin 'yan shekaru yana da ma'aikata aƙalla 50: direbobi, dillalai, masu karɓo kuɗi, 'yan leƙen hanya, akawu, har da lauya. Yana da manyan jiragen ruwa biyu da ƙananan kwale-kwale masu inji, da gona a bayan gari wadda aka haƙa rumbu a ƙarƙashinta. Kanada tana ɗora wa giyar da za ta Amurka haraji mai nauyi, sai shi kuma ya riƙa cike takardu cewa kayansa Meziko za su. Jirgi ya tashi da sunan Meziko, ya sauke kaya a wani tsibiri da ake killace kutare, wurin da ba mai son matsawa kusa, daga nan kwale-kwale su kwashe cikin dare. An fi son daren da ake ruwa da iska, lokacin da masu sintiri ke fakewa. Ya hana yaransa riƙe bindiga, kuma ba ya gauraya kayansa da ruwa. Takardun kotu sun nuna cewa a watan da kasuwa ta yi sanyi ma an yi cinikin dala 176,000, na shekara kuwa ya haura dala miliyan 2.

Duk wannan hada-hada a kan wayar tarho take tafiya. A ofishinsa da ke tsakiyar gari akwai wayoyi uku da mutum a zaune yana ɗaukar oda, wata rana har akwati 200 ake rabawa.

Nan wani mai suna Richard Fryant ya shigo. Gwani ne wajen hawa falwaya, ya san inda kowane zaren waya ya bi. Ya saurari Olmstead a ɓoye, ya rubuta abin da ya ji, sannan ya je masa da tayi: ya ba shi dala 10,000 a rufe magana. Olmstead ya fatattake shi. Tsohon ɗan sanda ne, ya san dokar Jihar Washington ta 1909 ta mai da satar sauraron waya laifi, kuma a ganinsa babu alƙalin da zai karɓi shaidar da aka samo ta hanyar laifi. Fryant ya kwashi takardunsa ya kai wa William Whitney, jami'in tarayya da ya daɗe yana farautar Olmstead. Gwamnati ta ɗauke shi aiki.

Aikin ba shi da wata wahala. Tarho na wancan zamani zare ne na ƙarfe da ya fita daga gida ya bi titi. Fryant ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na benen da ofishin yake, ya maƙala ƙananan wayoyinsa a jikin na kamfani. Na gidaje kuma a kan titi ya same su. Bai taka farfajiyar kowa ba, bai taɓa ƙofar kowa ba. Layi takwas ya tsotsa. Jami'ai aƙalla shida suka riƙa karɓa-karɓa, abin sauraro a kunne, fensir a hannu, domin ba naɗar murya ake yi ba, rubutawa ake yi. Matar Whitney, Clara, ita ke buga abin da suka rubuto a tafireta. Kusan wata biyar ana haka, har rubutun ya kai shafi 775. A ciki akwai oda da farashi da wurin sauke kaya, akwai kuma maganar Olmstead yana kiran 'yan sandan Seattle a saki yaransa da aka kama, yana yi musu alkawarin na goro. Ba a nemi izinin wani alƙali ba ko sau ɗaya.

Olmstead ya san ana jin sa. Wani lokaci da gangan yake faɗin wurin ƙarya a waya, jami'ai su kwana a bakin ruwa suna kaɗa haƙora, kayansa su sauka can wani gefe. Matarsa Elise kuma tana da tashar rediyo a cikin gidansu, KFQX, inda take karanta wa yara tatsuniyar kwanciya barci da sunan Anti Vivian. Jita-jita ta cika gari cewa cikin tatsuniyoyin akwai saƙon sirri ga matuƙan kwale-kwale. Ba a taɓa tabbatar da wannan ba, amma har yau shi mutanen Seattle suka fi son bayarwa.

Ranar 17 ga Nuwamba 1924 Whitney ya dira gidan da mutanensa. Da suka tsare masu gida, sai suka ɗauki wayar gidan suna kiran abokan harkar Olmstead da sunansa, a kawo kaya. Duk wanda ya zo da kwalabe ya faɗa hannu. A farkon 1926 aka yanke wa Olmstead ɗaurin shekara huɗu da tarar dala 8,000.

Ba wanda ke shakkar cewa ya aikata abin da aka tuhume shi da shi, kuma lauyoyinsa ba a kan wannan suka hau Kotun Ƙoli ba. Hujjarsu ita ce Gyara na Huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya hana hukuma ta binciki mutum ko gidansa ko takardunsa ko kayansa ba bisa ƙa'ida ba. Matsalar ita ce an amince da wannan a 1791, shekara 85 kafin a ƙirƙiro tarho. (Kundin Najeriya na 1999 ya tsallake wannan rami, domin Sashe na 37 ya ambaci hirar tarho da sunanta cikin abubuwan da ke sirrin ɗan ƙasa.) Kamfanonin waya suka shigar da takarda suna goyon bayan ɗan fasa-ƙwaurin, don sun san ranar da mutane suka daina yarda da waya kasuwarsu ta mutu. Abin da ya fi ba da mamaki ya fito ne daga cikin gidan gwamnati. Mabel Walker Willebrandt, mataimakiyar Antoni Janar da ke jagorantar duk shari'o'in haramcin giya, ta ƙi tsayawa ta kare wannan ƙara, saboda ba ta yarda da satar sauraro ba. Sai wani aka sa.

Ranar 4 ga Yuni 1928 kotu ta rabu, alƙalai biyar da huɗu, gwamnati ta yi nasara. Alƙalin Alƙalai William Howard Taft, wanda ya taɓa zama shugaban ƙasa daga 1909 zuwa 1913, shi ya rubuta hukuncin. A wurinsa bincike yana nufin a shiga wuri, ƙwace kuma yana nufin a ɗauke abin da hannu ke iya taɓawa. Ba a shiga gidan Olmstead ba, ba a ɗauki takardarsa ba, kunne kawai aka kasa. Wanda ya sa tarho a gidansa, in ji Taft, da niyyar jefa muryarsa waje ya sa, kuma zaren wayar da ya bi titi ba ɓangaren gidansa ba ne. A taƙaice dai, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Game da dokar jihar da jami'an suka taka kuwa, ya ce shaida ba ta lalacewa don an samo ta ta hanyar da ba ta dace ba, in Majalisa na son ta hana, ta yi doka.

Hujjar Taft tana da tsari, amma ƙofa yake dubawa ko an ɓalle ta, alhali mutumin da ke cikin ɗaki an riga an kwashe duk abin da ke bakinsa. Cikin alƙalai huɗun da suka ƙi yarda, Oliver Wendell Holmes, dattijo mai shekara 87, bai tsawaita ba. Ya kira aikin ƙazamar harka, ya ce gara wasu masu laifi su kuɓuta da gwamnati ta zubar da girmanta ta wannan hanya.

Alƙali Louis Brandeis, wanda shi ma ya ƙi yarda, shi ne ya zauna ya warware zancen. Tun 1890, yana lauya, shi da abokinsa Samuel Warren suka wallafa maƙala a mujallar shari'a ta Harvard kan haƙƙin mutum na sirri, don haka ya shekara 38 yana juya wannan tunani. Ya fara da abin da Taft bai kula ba: in ka buɗe wasiƙa, wasiƙa ɗaya ka buɗe, amma in ka tsotsi layin mutum ɗaya, ka tsotsi duk wanda ya kira shi da duk wanda shi ya kira, ko suna da laifi ko ba su da shi, ko zancen giya suke ko na rashin lafiyar ɗa. Ya ce a dā hukuma sai ta azabtar da mutum ko ta fasa gidansa kafin ta san cikinsa, yanzu ilimi ya ba ta hanyoyin da ba a gani, kuma ba a nan za a tsaya ba. Ya yi hasashen wata rana gwamnati za ta iya baje takardun mutum a kotu ba tare da ta ciro su daga maɓoyarsu ba. A 1928 ya faɗi wannan, babu kwamfuta, babu intanet. A fahimtarsa, abin da waɗanda suka rubuta kundin suka bai wa ɗan ƙasa shi ne haƙƙin a ƙyale shi, kuma duk kutsen da hukuma ta yi cikin sirrinsa ba da hujja ba keta wannan haƙƙi ne, ko da wane irin kayan aiki ta yi shi.

Sannan ya koma kan dokar 1909. Jami'an tarayya sun aikata laifi a ƙarƙashin dokar jiha, gwamnati ta biya su, ta ɗauki abin da laifin ya haifar ta kawo kotu. Jama'a daga gwamnati suke koyo, in ji shi, kuma ranar da ta zama mai karya doka ta koya wa kowa raina doka. Mai dokar barci dai ya ɓige da gyangyaɗi. Ya ƙara da gargaɗin cewa an fi bukatar a yi hattara lokacin da niyyar hukuma take da kyau, domin mugun shugaba kowa na ganinsa tun daga nesa, amma jami'i mai zumuɗi da kyakkyawar manufa a hankali yake cin iyaka.

Olmstead ya yi zamansa a kurkukun tsibirin McNeil, ya fito a 1931. A ƙarshen 1933 Amurka ta soke haramcin giya, wato laifin da aka ɗaure shi a kai ya daina zama laifi. Ranar Kirsimeti ta 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya yi masa afuwa. Shi kuwa tun a kurkuku ya shiga ɗariƙar Christian Science, ya bar giya, ya ƙare rayuwarsa yana ziyartar fursunoni yana yi wa mashaya nasiha. Ya mutu a Afrilun 1966, hukuncin da ke ɗauke da sunansa yana nan daram, ko da yake dokar sadarwa ta 1934 ta ɗan rage masa kaifi.

Wanda ya kayar da hukuncin ma ba waliyyi ba ne. Charles Katz ɗan caca ne a Los Angeles, yana shiga rumfar tarho ta kan titi yana aika bayanan caca zuwa Miami da Boston. Jami'an FBI suka manna na'urar sauraro a jikin rumfar ta waje, suna taƙama da hujjar Taft cewa ba su shiga ciki ba. Ranar 18 ga Disamba 1967 Kotun Ƙoli ta ce Gyara na Huɗu mutane yake karewa, ba wurare ba, kuma wanda ya shiga rumfa ya ja ƙofa ya jefa kuɗinsa yana da haƙƙin ya ɗauka ba a jin sa. A 1968 Majalisa ta yi dokar da ta wajabta wa jami'ai neman takardar izini daga alƙali kafin su saurari wayar kowa.

Sai dai tunanin Taft bai mutu gaba ɗaya ba. A 1979, a shari'ar Smith da Jihar Maryland, kotun ta ce muryar mutum tana da kariya, amma lambar da ya buga ba ta da ita, tunda da kansa ya miƙa ta ga kamfanin waya. A kan wannan hukunci gwamnati ta jingina lokacin da jaridar Guardian ta wallafa, a watan Yuni na 2013, wani umarnin kotun sirri da Edward Snowden ya fitar. Umarnin ya tilasta wa kamfanin Verizon ya riƙa miƙa wa hukumar leƙen asiri ta NSA bayanan kiran abokan cinikinsa kowace rana: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa suka yi. A Seattle layi takwas aka tsotsa, na mutanen da ake zargi. Wannan karon miliyoyi ne, kuma umarnin bai ce ana zargin ko ɗaya daga cikinsu da komai ba.